Kyamarorina, Ajin Asabar, da Maganar Hoton Babanku

Da sunan Allah Mai rahama nake buɗe wannan takarda. Ni ce mahaifiyarku, da hannuna na rubuta, hankalina garau, babu wanda ya tsaya a kaina. Jiki ne ya gaji, likita kuma bai ɓoye min abin da ya gani ba. Dogo, Nas, Auta, ku zauna a ɗaki ɗaya ku karanta, kada wani ya ji ta a waya.

Gida da abin da ke cikinsa, a raba yadda addini ya tsara, ba ni da abin ƙarawa. Abin da zan ambata a ƙasa kyauta ce na yi tun ina raye, kada a sa shi cikin gado.

Na ɗaya. Babbar kyamara, baƙar nan mai igiyar fata, ta ajin Asabar ce, matan da nake koya wa ɗaukar hoto. Ita da ƙafar da ake ɗora ta a kai, da batiranta, da farin kwalin da muke mayar da haske da shi. Auta, na san kin daɗe kina yi mata kallon ƙauna, ki yi haƙuri. Ki ɗauki ƙaramar mai fim, wadda murfinta ke maƙalewa. Ki danna ta gefen hagu da babban yatsa, zai buɗe, kada ki sa masa wuƙa kamar yadda yayanki ya taɓa yi.

Ban taɓa zama na ba ku labarin inda ajin nan ya samo asali ba. Shekarun da na yi ina wanke hotuna a shagon mutane, kafin waya ta kashe sana'ar, gidaje da yawa sun bi ta hannuna. Kowa ya ci ado ya tsaya ƙiƙam, an jera yara kamar za a yi musu allura. Ina shanya hotunan a igiya ina tambayar kaina, to ran da ba biki, yaya gidan nan yake? Wa ke zama kusa da wa? Wane yaro ne ke cin abinci a tsaye? Tsegumi ne, ban musa ba. Da aka rufe shagon sai na tara matan layinmu a falo, na ce kowa ta zo da wayarta in nuna mata yadda ake riƙewa. Su a ganinsu koyarwa nake yi. Ni kuwa leƙen gidajensu nake yi, da izininsu.

Na biyu. Na bar ajin a hannun Uwar 'Yan Biyu. Za ku yi mamaki, don ita ce ta daɗe tana yanke wa mutane kai a hoto, har mijinta ya ce shi dai a albam ɗin gidansu daga wuya yake farawa. Dalilina ke nan. Ta san yadda hannu ke rawa ran farko, ta san kunyar uwar da 'ya'yanta suka saba fizge mata waya su ce kawo a yi miki. A cikin ɗaliban, Mai Ɗinki ta fi ta ido nesa ba kusa ba, amma ba ta da haƙuri da mai jinkirin ganewa. Ku je har shagonta ku gaya mata na ce ta ci gaba da zuwa tana duba hotuna, kada ta ji an tsallake ta. Muddin gidan yana hannunku, falo nasu ne ran Asabar. Darasin farko kada a taɓa shi: a goge gilashin waya da bakin mayafi, a juya wa taga baya, a durƙusa daidai tsayin yaro, kuma a daina ce masa ya yi dariya.

Akwai wata da ta zo mana, matar mai gyaran fanka. Duk hoton da ta kawo na ƙeyar 'yarta ne, budurwa da ta daina hira a gida. Ƙeyarta tana fita, ƙeyarta tana wanke-wanke. Na ce mata sati mai zuwa fuska nake so, kuma sai ta nemi izinin yarinyar. Ta dawo hannu wofi. Wai da ta tambaya, yarinyar ta ce me za ki yi da fuskata, ita kuma ta ce ban sani ba, kewarta nake yi. Suka zauna a bakin ƙofar kicin suna magana har ta manta da wayar. Abin da suka faɗa wa juna ba ta gaya min ba, kuma har yau yana cin raina. In ta taɓa gaya wa ɗayanku, to ya riƙe, ya fi ni sa'a.

Na uku. Hotunan ɗalibaina da ke cikin akwatin ƙarƙashin gado da na cikin kwamfuta amana ce. Akwai mata ba ɗankwali, akwai yara cikin baho, akwai waɗanda suka rasu. A mayar wa kowa nata hannu da hannu, sannan a goge na kwamfutar. Kada a ɗora ko ɗaya a intanet, ko da don a yabe ni ne. Auta, ke za ki yi wannan, Uwar 'Yan Biyu ta san gidajen. A ciki akwai guda ɗaya da na rasa mai shi: hannuwan wani tsoho yana ɓare lemo, ɓawon bai tsinke ba, wata ƙaramar ƙafa ta jariri tana kan gwiwarsa. Na nuna wa aji bayan aji, kowa ta ce ba nata ba ne. Ki ci gaba da tambaya. Wata ce ta ɗauka, kuma ba ta san ta iya ba.

Na huɗu, shi ne mai nauyin. Dogo da Nas, tun rasuwar babanku kuke gaisawa kamar maƙwabtan da suka yi rigimar kwata. Auta ce ke kai saƙon wannan ga wancan, ta gaji, ba ta dai faɗa ba.

Zan rubuta abin da ya faru yadda na gani. A asibiti, bayan ya rame, babanku da bakinsa ya ce wa Nas ta ɗauke shi hoto. Ina zaune. Ya ce yana so ya ga abin da mutane ke gani da suke rage murya in sun shigo. Ta ɗauka, ya duba, ya ce ashe dai har yanzu hancin yana nan. Bayan rasuwar, Dogo ya ga hotunan a wayarta, ya goge su duka, ya ce, “Babanmu ba haka yake ba.” Ke kuma Nas, kika ce masa matsoraci a gaban matarsa.

Ba hukunci zan yanke ba, tambaya gare ni. Dogo, an ce min ka daɗe kana kallon hotunan kafin ka goge. Me ka gani a ciki? Kai ne ka fi kama da shi, har tafiya. Shi ka gani, ko kanka? Ke kuma Nas, ke kika yi jinyarsa, ke kika san sunan kowane magani, amma ban taɓa ganin hawayenki ba. Hotunan nan, a wurinsu kike kuka? Na kwana biyu ina juya wannan, na kasa gane ku, ni da na haife ku.

Yanzu ga shi ni ma na fara ramewa. Ina lura da ku. Nas tana barin wayarta cikin jaka kafin ta shigo ɗakina, Dogo kuma yana gaishe ni yana kallon agogon bango. Shi ya sa na ce a ba ku takardar nan tun ina numfashi. Na ba da izini a ɗauke ni hoto, yadda nake ɗin nan, ba hoda ba kwalli. Ku zo tare da safe, lokacin da haske ke shigowa ta tagar gefen gado. Dogo, kai za ka fara riƙe kyamara, Nas ta zauna kusa da ni. Sannan ku sauya. Auta ta shiga duk inda ta ga dama. In kun gama ku nuna min. Shekara da shekaru ina bayan kyamara, na san fuskar kowannenku yana barci, yana fushi, yana ƙarya, amma ban san yadda tawa take ba in ina kallonku. Ina so in gani.

Hoton kuma na ku uku ne. Ba mai gogewa, ba mai nuna wa na waje, sai in duk kun yarda.

Na biyar. Matar Dogo tana da ciki, ba lallai in ga abin da za ta haifa ba. Ku duba min kunnuwa. Kunnen kakata ya tsallake ku duka, ina zargin yana nan laɓe yana jira. In ya fito, ku gaya wa yaron daga inda ya zo, kada a tsokane shi da yawa.

Abin da ke gabana ban san kamarsa ba. Tsoro akwai, ba zan yi muku ƙarya ba, amma akwai son gani ma, kuma ina kyautata zato ga Ubangijina.

Dogo, kai ne babba, ƙofarka kada ta rufu ga ƙannenka, ko sun ɓata maka. Nas, ki bari a riƙa kula da ke ma, ba ke kaɗai ce mai hannu ba. Auta, ki daina ɗaukar saƙon kowa, su yi wa juna magana da bakinsu. 'Ya'yanku su tashi sun san gidajen juna har inda ake ajiye cokali. Na yafe muku duniya da lahira, ni ma ku yafe min. Allah Ya yi muku albarka, Ya shirya zuriyarku, Ya haɗa kanku, Ya sada mu da babanku cikin rahamarSa.

Ku zo da wuri, kafin rana ta bar tagar.

Mahaifiyarku.