Kwalkwalin da Na Tsinta a Jirgin Romawa

Baffa Sakellaris,

Gaisuwa mai yawa daga tsibirin Sisili. Yaya ƙafa? Yaya Gwaggo Themelina da mutanen tsibirinmu Kalimnos? Ni lafiya lau, sai kunnen hagu da nutso ya kashe, amma ba komai.

Masana tarihin da nake yi wa aiki suna tono wani jirgin ruwan Romawan dā da ya nitse da tulunan giya. Jiya na ɗago musu kwalkwalin nutso na tagulla. Shugabarmu ta ce, “Skevos, wannan na ɓarayin tuluna ne. Dubi tiyon iskarsa, da wuƙa aka yanke. Abokan satarsa da ke sama cikin jirgi sun hango ’yan sanda, suka bar mai nutson a ƙasan teku.” Na kankare wuyan kwalkwalin, sai ga sunan Babana.

Ashe ba mace ya bi ba, kamar yadda ka faɗa ranar da ka dawo da jirginku na nutso ba tare da shi ba. Tun ina yaro Mama ke tsine masa, ta ƙi dafa masa alkamar da ake rabawa sadaka don mamata.

Je ka ce ta dafa. Kai za ka kai farantin zuwa coci, ka raba da hannunka.

Allah ya ja kwananka sosai, Baffa.

Ɗanka,
Skevos