Hatimai Goma Da Ruwa Ya Wanke

Eloy nawa, sanyin idanuna, rumfata ranar ruwa, gurguna mai tsada,

Kar ka tsorata da ganin takarda. Ni ce dai Nerea, kuma rubutuna ne haka, kamar kaza ta taka tawada. Zauna ka miƙe ƙafar ɗorin nan, akwai magana.

Na iso Santiago, garin babbar majami'ar da masu ziyara ke takowa, jiya da safe. Kwana biyar a ƙafa daga garin Sarria, kilomita ɗari da 'yan kai, jakarka a bayana kamar na goyi ɗan maraƙi. Kowace rana hatimi biyu a ɗan littafin matafiyan nan don shaidar na taka, yadda ka ce, ko ɗaya ban tsallake ba. Ka tuna ranar da ka ba ni shi a gadon asibiti? Shekara uku kana shirin tafiyar nan, saura mako guda babur ya karya maka ƙafa. Na ce zan taka maka, a sa sunanka a takardar shaida. Ka yi dariya har ɗinkinka ya motsa, ka ce ai wayata ce za ta yi tafiyar, ni in bi ta a baya. Na yi fushi. Amma da ka riƙe hannuna ka ce in na dawo da takardar akwai tambayar da za ka yi mini, zuciyata ta yi tsalle kamar ɗan akuya ya ga ciyawar farko. Wace mace ce ba ta san wannan tambayar ba?

To, ga abin da ya faru.

Layin ofishin matafiya, inda ake duba littafi a ba da takardar shaida, ya yi tsawo, sai na karɓi lamba na ce bari in zaga gari. Ka san ruwan garin nan, ba ya dukan mutum, lallaɓa shi yake yi har ya kai ƙashi. Duwatsun titi suna sheƙi kamar bayan kifi, majami'ar ta yi duhu ta yi kyau, mai busan nan na ƙarƙashin ƙofar dutse yana ta yi. Na shiga kasuwa na ci burodi mai kifi a tsaye. Ina ta ɗaukar hoto, sai ruwan ya ƙaru, wayata ta fara jiƙewa. Leda ɗaya tak gare ni, wadda ka sa littafin a ciki da hannunka. Na zare littafin na cusa a aljihun jaka na waje, na sa wayar a ledar. Ko tunani ban yi ba, Eloy. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Awa uku ina yawo. Da lambata ta zo na ciro littafin, ya zama kunu. Ja da shuɗi duk sun haɗe, ko hatimi ɗaya ba ya karantuwa. Dattijuwar da ke kan teburin ta tausaya mini, ta ce, 'yata, ai ku yaran yanzu komai sai kun ɗauka, nuna mini hoton littafin mu gani. Na duba. Hoto ɗari huɗu da wani abu. Fuskata, takalmina, kofin kofi, saniya, wata saniyar. Littafinka babu ko ɗaya.

Ashe gaskiyarka ce. Me zan ce maka, kai da kake mini kamar rana bayan mako guda na hadari? Kai da muryarka ta fi mini ƙamshin ƙasa bayan yayyafi? Da aka ce in zaɓa, hannuna ya zaɓa kafin zuciyata ta buɗe baki.

Zan iya ce maka an sace jakar. Na ma rubuta saƙon, na goge.

Ga abin da na yanke. Yau da rana zan hau mota in koma Sarria. Na samo sabon littafi, na naɗe shi a leda biyu, yana cikin rigata, a kan fata. Kwana biyar kuma, hatimi goma. Ƙafafuna duk bororo, sai dai su yi haƙuri, su ma suna cikin laifin.

Girgiza kwalin nan da wasiƙar ta zo a ciki. Wannan abu mai nauyi wayata ce. Ka san lambar buɗewa. Ka ajiye mini ita, in ƙawayena sun dame ka ka ce ina raye. Ka faɗa wa mamana kar ta kira 'yan sanda.

Abu ɗaya nake roƙo, zumata: kar ka mayar da tambayar nan aljihu. Riƙe ta kwana biyar. Amsarta tana bakina tun a asibiti, kuma ita ruwa bai taɓa ta ba.

Taka ce, a jiƙe ko a bushe, har ƙafafun nan su daina tafiya,

Nerea