Tsutsa Mai Ƙaho a Wutsiya

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin maigidan da yara? Mu lafiya lau, sai idon nan da likita ya ce hazonsa ƙaruwa zai yi, ba raguwa ba.

Na ji saƙonki cewa mu tattara mu dawo wurinki. Ba yanzu ba. Shekaranjiya a dajin bayan gida na tsinci wata tsutsa a jikin ganye, koriya shar, kaurin babban yatsa, da ƙaho a wutsiya. Na tsufa ina yawo a dajin nan, ban taɓa gamuwa da irinta ba. Maƙwabcinmu tela ya ce gizaka ce. Gizaka ba gashi? Shi duk abin da ke rarrafe gizaka ne.

Na sa ta a kwalba da ganyenta da 'yar ƙasa. Mamarki ta ce na rasa abin kiwo. Ni dai sai na ga abin da za ta zama, tun idon na da sauran aiki. Kada ki turo mota.

Naki,
Baba

Autata,

Da fatan kuna lafiya. Tsutsa ta daina ci, ta nutse cikin ƙasa. Mamarki ta ɗauka mutuwa ta yi, saura kaɗan ta juye kwalbar a shara. Har yau muna 'yar gaba.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro. Yanzu sai na kai kwalbar bakin taga nake gane ta. Amma ina nan kan bakana.

Baba

Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Wannan rubutun Mamarki ne, ni nake faɗa mata, don layin takarda ya ɓace mini.

Abin da tsutsar ta zama ya fito jiya da safe, kuma ban gan shi ba. Inuwa kawai na gani. Na zura hannu ya hau yatsana, jiki kauri, da laushi kamar auduga. Fukafukan a kwance suke, ba ya buɗewa yana rufewa, ka ga ba malam-buɗe-littafi ba ne. Faɗa-wuta ne, babba.

Mamarki, wadda ko kyankyaso ba ta iya kallo, ta zauna dab da hannuna tana faɗa mini launinsa ɗaya bayan ɗaya. Na yi kuka, ita ma ta yi, ko da yake yanzu tana cewa kada a rubuta wannan.

Mun sake shi. Gobe za ta riƙe hannuna mu koma dajin. Akwai sauran ganyayen da ban duba ba.

Naki har kullum,
Baba