Ɗanyar Fata a Gindin Giya

Litinin, 4 ga Janairu, 1954
Yau ma a hawan Kurmin Kogi na nemi lamba biyu na rasa. Sandar giyar motar nan ta zama muciya a tukunya, sai juyawa. Mota cike da gyaɗa ta fara ja da baya, da ƙyar birki ya riƙe. Alhaji Maiwada, mai motar, ya ce in ban gyara ba cikin kwana bakwai zai jingine ta. In ya jingine, sai in koma ƙauyenmu Furana in ɗauki fartanya. Shekara tara ana ce mini direba!

Laraba, 6
Fitan Zariya, mai gyaran mota, ya ce gindin sandar ya cinye, sabon kuwa sai an aiko daga Ikko, wata biyu. Na fito ko sallama ban yi ba.

Juma'a, 8
Ban ci komai ba. Matata Rahmatu ta gaji da tambaya.

Asabar, 9
Wani baduku a Makarfi ya ga ina cusa tsumma a gindin sandar, ya yi dariya. Ya yanko ɗanyar fatar shanu, ya jiƙa, muka naɗe gindin sandar tam. Wai in ta bushe za ta ƙanƙame kamar ƙarfe, amma kada ruwa ya taɓa ta.

Talata, 12
Ta kama! Ɗaya, biyu, uku, ƙas-ƙas, da yatsa biyu. Har Kudan ina waƙa.

Alhamis, 14
Alhaji ya sa Lawal, surukinsa, ya gwada. Lawal da a da ko ribas bai iya samu a motar nan ba, ya zagaya kasuwar Ikara lafiya lau. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ashe yanzu kowa ma zai iya ja, Tanko."
Ashe lalacewar ce ke riƙe da ni. Da hannuna na kori kaina.

Asabar, 16
Ran Litinin Lawal zai karɓi motar. Da azahar na shiga gaban motar da buta. Na ce a raina, rabin ruwan ya isa, in na zuba fatar ta saki, su zo suna roƙona. Na daɗe a zaune. Sai na tuna hawan nan, da mutanen da ke zama a kan buhuna. Na sauko na yi alwala da ruwan. Raina a ɓace yake har yanzu.

Lahadi, 17
Na nuna wa Lawal fatar, na ce ya rufe ta in damina ta zo. Na aika wa Yaya a Furana ko gonar bakin rafi tana nan. Tambaya kawai na yi.