Ranar da Ƙanshinki Ya Ɓace Mini

Agege, Legas

Zuwa ga Haoua, sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar gona, ruwan sabuwar randa, matata kuma uwar ɗan da ke motsi a cikinki. Ina gaishe ki gaisuwar wanda jikinsa ke bakin teku, zuciyarsa kuwa tana zaune a ƙofar ɗakinki a Galmi, ta ƙi tashi.

Na san idonki na kan hanya. Na yi miki alkawarin zan iso kafin ki haihu, kuma kin san ban saba yi miki magana biyu ba. To, takardar nan ce za ta iso, ni ba zan iso ba. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi, in ya so daga baya ki yi, ai fushin ma kyau yake miki.

Haoua, Legas ta yi tsit. Kin tuna tsiyar da kike mini in na kira ki, wai ba kya jin muryata sai ihun kwandastoci? Tun da aka ce kowa ya zauna gida saboda cutar nan, motocin haya na danfo suka yi layi a bakin titi, ba direba ba fasinja. Gefen layin dogo na Agege, inda ba ka samun wurin sa ƙafa don 'yan kasuwa, yanzu awaki ne kwance a wurin da rana tsaka. Ladan ya kira salla, ya ƙare da cewa kowa ya yi a gidansa, ƙofar masallacin kuma da kwaɗo. Shekaranjiya na saɓa keken ɗinkina a kafaɗa na zaga lungu ina kaɗa almakashi kamar kullum, don a san tela ya zo. Ƙarar ta bugi bango ta dawo mini. Na yi ta waiwaye, na zaci wani telan ne ke bina a baya. Ba kowa. Can sai wata taga ta buɗe, hannu ya fito da ƙyalle, wata murya ta ce, "Tela, abeg, don Allah ka ɗinka mana takunkumi." Har na gama na miƙa ban ga fuskar mai hannun ba.

Jumare, direban da ke kawo albasa daga Illela zuwa kasuwar Mile 12, shi ya samo mini dabara. Ba a hana motocin abinci tafiya ba. Ya ce in kwanta ƙarƙashin tamfol cikin buhunan wofi har Illela, daga nan ɗan kabu-kabu ya bi da ni ta daji a babur, tun da iyakar shiga ƙasarmu a rufe take. Na ɗaure kayana, har da 'yan rigunan da na ɗinka wa jaririn. Kamar in yi tsuntsu.

Jiya na je inda ya ajiye motar a bayan kasuwar unguwarmu. Albasa ta ruɓe tsibi-tsibi don rashin masu saye. Jumare ya toshe hanci da hularsa yana cewa, "Wannan warin zai kashe mutum tun kafin cutar ta iso." Ni kuwa ina tsaye a tsakiyarta ban ji komai ba. Ni ɗan Galmi, da aka goya ni a gonar albasa! Na ɗauki ɗaya na murƙushe a tafin hannu na kai hanci. Idona ya kawo ruwa, hancina shiru.

Na koma ɗaki da sauri na ciro ɗankwalinki. Kin tuna a tashar Ƙonni, ranar da zan taho, da kika kwance shi daga kanki a bayan mota kika cusa mini a aljihu, kika ce in riƙe kada matan Legas su mantar da ni hanyar gida? Kin turara shi, kin zuba masa humra. Kullum da safe sai na shaƙe shi kafin in fita, in ji kamar kin gifta ta bayana. Jiya na binne fuskata a ciki, na ja numfashi har ƙirjina ya yi zafi. Ƙyalle kawai. Kamar kin tashi kin bar ɗakin ba sallama. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Abdou, wanda muke ɗaki ɗaya, kwana da kwanaki yana tari da zazzaɓi. Yana cewa na sauro ne. Ni nake ba shi kunu a baki, kuma na ji a rediyo cewa ɗaukewar jin ƙanshi tana cikin alamun cutar. Ban san me ke jikina ba, ba inda yake mini ciwo. Amma ya zan yi in ratsa ƙasa guda in kawo miki abin da ido ba ya gani? In rungume ki da me? In numfasa a kan jaririn da bai ko buɗe ido ba? Wallahi, hasken gidana, gara ki yi kukan rashin zuwana da in tsaya a ƙofarki ina kallon abin da na jawo.

Ban kira ki na gaya miki ba don na san kaina. In na ji muryarki, motar nan zan hau.

Zan ƙulle takardar da rigunan a leda, Jumare zai bayar a Illela a kawo miki. Ki wanke rigunan ki shanya su a rana, ita ma takardar kada ki kai ta fuska, kada ki sa ta a ƙirji.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da kika sauka, kafin kowa ya ce masa komai, ki kira ni ki kara wayar a kunnensa na dama, in yi masa kiran salla daga nan. In kuwa ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, yayanki Munir ya yi masa. In ya girma ki gaya masa ubansa ya samu mota, da kansa ya bar ta ta tafi.

Naki ne ni, da numfashi ko babu,
Mahamadou