Kujerarka a Motar Alhaji Bala

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina fatan kana lahiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Anti Hadiza da Ummi, ta fara tafiya? Mu nan Nasarawa sai godiya, ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Ranar Talata da sahe na zo buɗe shago, na iske motar Alhaji Bala mai shinkafa na Argungu bakin ƙofa. Wufar nan, babbar lasifikar kiɗa da muka sa mai a mota, ita ce ke kaɗa but kamar gwangwani. Ya ce, "Nura, kunnen shagon ga ya tafi Fatakwal. In ba ta gyaru yau ba, wani wuri za ni."

Ka san aikin na mutum biyu ne, kai kujerar direba kana saurare, ni baya ina murɗa amfilifaya. Na murɗa, na ɗaga murya na ce, "Yaya, ya yi?" Shiru. Sannan na tuna ba ka nan.

Sai na rage ƙarfin duka, in ƙara kaɗan, in zagayo in zauna kujerarka in saurara, in koma. Haka har azahar, kafin gangar kiɗan ta fito sarai ba kwaramniya. Alhaji ya ce ya yi, zai ci gaba da zuwa. Ni dai daga bakinka na so in ji.

Ka sa mu addu'a, ka gaishe da Anti. Maman Rifkatu mai ƙosai da Malam Umaru mai faci suna wurin sadda na ɗaga murya na kira ka daga bayan motar, kuma ba wanda ya yi dariya.

Ƙaninka,
Nura