Ranar da Ruwa Ya Tsare Mu Tsakanin Gada Biyu

Kuin, Banjarmasin.

Zuwa ga yayata, Yaya Salasiah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarki, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yara da duk masu taya ki aiki a can Batu Pahat. Yaya gwiwar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi. Allah ya jiƙan maigidanki Yaya Ardian, ya haskaka makwancinsa, ya ƙara miki haƙurin rashinsa. Mu nan lafiya ƙalau, sai godiya. Cikin 'yata Mastika ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har takalmin mijinta take sawa, kullum kuma tana tambayar ko goggonta ta kira. Na je na share kabarin Inna ranar Juma'a, na yi mata addu'a da sunanmu mu biyu.

Na san za ki ce me ya kai ni rubuta wasiƙa bayan ga waya a hannu. To, Yaya, a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana, ni kuma da na ji muryarki sai hawaye su riga ni. Maganar zuwana wurinki ce, wadda na amsa miki watan jiya har kika gyara min ɗaki. Akwai amsa a ƙarshen takardar nan, amma don Allah kada ki tsallaka, ki bi ni a hankali.

Kin san abin da ya sa na amsa miki tun farko. Ba shagon abincinki ne ya ja ni ba, Baban Mastika ne ya kore ni, ba tare da ya san yana korar ba. Mutumin nan bai taɓa zagina ba, bai taɓa hana ni komai ba, amma wallahi zama da shi kamar zama da turken gida ne. Injin jirgin ruwan da yake tuƙawa ya cinye masa rabin kunne, maganar bakinsa kuma ban san wa ya cinye ta ba. Tun da masu otal suka fara turo masa ma'aurata yana zagayawa da su lungunan ruwa su biyu rak, ni ce nake tashi da asuba ina zura furen melati a zare, ina ratayawa a rumfar jirgi, ina wanke rigunan matasai, don 'yan Jakarta su zo su jingina da juna su ɗauki hoto. Da yamma ya dawo yana ƙamshin furena, ya zauna ya ce akwai shinkafa? Ranar da na ce masa yayata ta kira ni Malesiya in zauna da ita, ya kalli ruwa ta tsakanin katakon daɓe, sannan ya ce to, Allah ya kiyaye hanya. Shi ke nan fa! Na shiga kicin na huce a kan barkono, na daka shi har ya koma ruwa, na kuma rantse a raina tafiya ba fashi.

Ranar Talatar da ta wuce ya ce in zura fure fiye da kullum, wai manyan baƙi zai ɗauka da hantsi. Na zura ina mita, na sauka matakalar ruwa na rataya, na gyara matasai. Ina ɗagowa sai na gan shi cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya dafe jirgi da ƙafa ɗaya yadda yake wa kowa, ya miƙo hannu yana cewa bismillah, ranki ya daɗe. Na ce ina baƙin? Ya ce ai sun iso. Yaya, da zanen wanke-wanke nake, silifas ɗina ɗaya ma da ƙusa na ɗaure shi. Kunya ta kama ni kamar yarinya, na shiga na zauna ina jira ya zauna kusa da ni. Ina! Sai ya wuce can baya ya tayar da inji ya kama sitiyari. Kin san ƙa'idar sana'arsu: mai tuƙa masoya ba ya magana, ba ya kallonsu, ko tari ya zo masa haɗiye shi yake yi. Bawan Allah ya ɗauko matarsa yawon masoya, ya manta cewa shi ne ɗayan. Haka na zauna ni kaɗai a kan matasan mutum biyu, kamar wadda za a kai asibiti.

Na yi niyyar yin fushi har mu dawo, amma ruwa ya fi ƙarfina. A bakin ruwan nan aka haife mu ni da ke, na yi wanki a cikinsa, na tsallaka shi ba adadi da kwando a cinya, amma ban taɓa shiga jirgi hannuna ba komai ba sai ranar. Ashe idan mutum ba ya sauri, garin nan wani gari ne daban. Gidaje suna zuwa a hankali a kan dogayen ƙafafunsu, su tsaya su kalle ka, su wuce. Zannuwan da aka shanya suna lilo a sama, suna kuma lilo a ƙasa cikin ruwa, har na rasa wanne ne na gaskiya. Kainuwa tana tafiya tare da mu kamar ita ma an gayyace ta. Iska tana kaɗa furen, ɗaya-ɗaya yana faɗo min a cinya, karo na farko da na ji ƙamshinsa ba a matsayin aiki ba. Muka wuce inda gidan Kaka yake a da, yanzu sai turaku huɗu baƙaƙe da wata farar balbela a kan ɗaya. Wallahi na ga Inna tsugune a matakala tana wanke shinkafa, na gan ki kina koya min iyo kina riƙe da haɓata. Ban san ko barci ne ya ɗauke ni ba, amma na ji muryarki tana cewa ki saki jiki, sakarya, ruwa ba ya cin nasa.

Daga nan ya karya ya shiga wani siririn lungu a bayan tsohon masallaci, inda ganyen bishiyar nipa ya haɗe ta sama har rana sai ta tsaga take shigowa. Muka bi ta ƙarƙashin wata gadar katako, rumfar jirgi tana gogar ta kaɗan. Da muka isa gada ta biyu, ruwa ya riga ya hau, ba hanyar wucewa. Ya ja da baya zuwa ta farko, ita ma ta rufe. Sai ya kashe inji. Yaya, shirun da ya sauko ban taɓa jin irinsa ba. Ina jin ɗigar ruwa daga ganye, ina jin kifi yana ɓalla baki, can nesa wata mata tana yi wa jariri waƙa. Daga baya can ya yi gyaran murya ya ce wai ya yi kuskuren lissafin hawan ruwa, sai mun jira ya janye.

Muna nan sai ga Goggo Norsiah mai waina, kin tuna ta, tana dawowa daga kasuwar kan ruwa a ɗan kwalekwalenta, ta sunkuya ta sulale ta ƙarƙashin gadar. Ta kalle ni cikin fure, ta kalle shi can baya cikin farar riga, sai ta ajiye filafili ta yi ta dariya har malafarta ta zame. Ta ce Masrani, kai ne yau ruwa ya yi wa ba-zata, kai da masu kamun kifi ke tambaya kafin su kwance jirgi? Ka faɗa wa wanda bai san ka ba, ɗan duniya! Ta soki wainar kwakwa biyu da doguwar sandarta mai ƙusa ta miƙo min, ta ce ungo amarya, ki ba angon naki ɗaya idan ya samu ƙarfin halin tasowa. Ta tafi tana dariya, muryarta tana bin ruwa har ta ɓace. Na waiga na ga kunnuwansa sun yi ja. A nan na gane da gangan ya yi.

Sai bakin nan nawa da kika sani ya buɗe. Na ce masa idan ya tsare ni a nan ne don in yi ta kallon ganye, na gode, akwai ganye a bayan gidanmu. Na ce ya taso ya zauna nan ko in faɗa ruwa in yi iyo zuwa gida, Allah na iya. Ya taso yana dafa gefen jirgi kamar yau ya fara shiga, ya zauna a bakin matashi, gwiwoyinsa a haɗe, hannuwansa a kai. Can ya ce, cikin wannan babbar muryar ta masu nauyin kunne, wai shekara da shekaru yana kawo mutane nan, bayansu kawai yake gani. Yana ganin namijin ya sunkuya, bakinsa yana motsi a kunnen matar, ita kuma ta yi dariya ko ta share ido, amma ƙarar inji ba ta taɓa bari ya ji me ake cewa ba. Wai ya so ƙwarai ya ji ko sau ɗaya, don ya san abin da ake faɗa a irin wannan wuri.

Na ce to me ya sa ranar ya ce min Allah ya kiyaye hanya? Ya ce shi abin da aka koya masa tun yana yaron jirgi ke nan: wanda ya ce zai sauka, ba a tambayarsa dalili, ba a roƙonsa, aikinka ka matsa da jirgi bakin matakala ka riƙe shi da kyau kada ƙafarsa ta zame. Wai ya duba gidanmu da ruwa ke shiga duk damina, ya duba hannuwana, ya ga a wurin yayata zan huta, sai ya riƙe min jirgi. Na ce masa ni fasinja ce? Ni da na haifa maka 'ya, na binne maka uwa, ni ce fasinja? Sai ya sunkuyo daidai kunnena, yadda ya ga ana yi, ya kira ni da sunana, Bariah, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun kafin a haifi Mastika. Ya ce Bariah, kada ki sauka. Shi a ganinsa raɗa ya yi, amma na tabbata har mai yi wa jariri waƙa ta ji, don waƙar ta tsaya.

Na ɓare wainar na sa masa a hannu. Muka yi azahar a cikin jirgi, sannan barci ya ɗauke shi a zaune, kansa a kafaɗata, ga nauyi kamar buhun shinkafa, ni kuma na ƙi motsawa har hannuna ya mutu. Ina kallon alamar ruwa a jikin turken gada tana sauka kaɗan-kaɗan, ina roƙon Allah a raina kada ta yi sauri. Da hanya ta buɗe ya tashi zai koma wurin inji, sai na tattara zanena na bi shi na zauna a kan akwatin kayan gyara, cikin hayaƙi da warin mai. Haka muka ratso unguwa, jirgin masoya shaƙe da fure, gaba ba kowa, tsofaffi biyu a maƙale a baya. Mata suna leƙowa daga matakala suna tafi, wata tana ihu wai Masrani ya zubar da baƙinsa a ruwa.

To Yaya, ba zan zo ba. Ki yafe min wahalar gyaran ɗaki da na sa ki. Kada ki ɗauka ya canja, jiya ma da ya dawo akwai shinkafa ya ce, sai dai yanzu na san abin da ke ƙarƙashinta. Amma akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar. Na yi ta tunanin me ya sa kika dage in zo, ke da kike da masu aiki har sun yi miki yawa, sai na gane ba hannu kike nema ba. Tun rasuwar Yaya Ardian kina rufe shago ki hau sama ki ci abinci ke kaɗai, ni kuma ina nan ina ta kukan nawa shirun ban tambayi naki ba. Mastika za ta haihu bayan ƙaramar salla in Allah ya yarda, kuma ta ce ba wanda zai fara yi wa jaririnta wanka sai goggonta. Ki bar wa ɗanki Rusdi shagon, ai ya girma. Ki zo gida, Yaya. Ba na roƙon ki zo ki gan mu ki koma, cewa nake ki zo ki zauna.

Ki gaishe min da Rusdi da matarsa Norlaila, da 'yarki Hamdiah da 'yan biyunta, da maƙwabciyarki Inna Timah da ke ɗaukar waya idan kina salla. Mastika da mijinta suna gaishe ki. Baban Mastika ya ce in gaishe ki, ya kuma ce in rubuta cewa shi zai ɗauko ki daga tashar jirgi da kansa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa mai jiran ki,
Bariah